Babi na Bakwai: Ranar da Sabis Ya Ɗauke

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, cikin makon farko na azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Su ne MainOne da WACS da ACE da SAT-3. Kaduna ba ta da teku, ba ta ma kusa da shi, amma kafin azahar abin ya iso titin Ahmadu Bello. Manhajojin bankuna suka yi ta juyi ba sa buɗewa. Mai saye a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya tura kuɗi, an cire a asusunsa, mai kaya bai ga alat ba, suka tsaya suna kallon juna, ga sayayyar buɗa-baki tana jira. Sai da aka kwashe makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su gama ɗinke wayoyin, ko da yake kamfanoni sun karkatar da sabis ɗinsu ta wasu hanyoyi tun kafin nan.

Masu tallan kayan sadarwa gudu suke sayarwa. Kowace talla tana faɗin megabit nawa za ka samu a daƙiƙa, da yadda fim zai sauka kafin ka kurɓi shayi. Ɗan kasuwar Kaduna kuwa, daga mai POS a Kawo har mai asibiti a Unguwar Rimi, shekarun nan sun koya masa wata tambaya daban: idan wannan layin ya mutu, ta ina zan bi? Kusan duk sauyin da aka gani a yadda ofisoshi da shagunan garin nan suke haɗa kwamfutocinsu, daga wannan tambayar ya fito.

Bari mu bi sawun naira dubu biyar da aka tura a shago. Saƙon yana tashi daga waya ko na'urar POS zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga turke ya shiga wayar faiba da ke binne a gefen titi, wadda zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ke gudu a cikinsa. Ya bi ta Abuja ko wata hanyar har Legas, inda yawancin bankuna ke ajiye manyan kwamfutocinsu, inda kuma NIBSS take, cibiyar da ke sasanta hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna. Idan bankin ya jingina wani ɓangare na aikinsa ga rumbunan Microsoft ko Amazon da ke Turai ko Afirka ta Kudu, sai saƙon ya shiga teku. Sannan ya dawo. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu. A kowace gaɓa akwai abin da zai iya tsinkewa, kuma babu ko ɗaya daga ciki da yake hannun mai shagon.

Tarihin yadda aka zo nan gajere ne. Kafin 2001, layukan NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma samun layi a Kaduna sai mai hanya. A Janairun wannan shekarar hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, Glo ya biyo baya a 2003. Intanet ɗin wancan lokacin na gidajen kafe ne, masu faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi, ana sayar da minti talatin ko awa ɗaya, rabin lokacin yana tafiya wajen jiran shafi ya buɗe. A 2010 wayoyin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, farashin intanet a bakin teku ya faɗi warwas. Amma faɗuwar ba ta hauro Arewa da sauri ba. Masu harkar sun daɗe suna kukan cewa ɗauko intanet daga Landan zuwa Legas ya fi arha a kan ɗauko shi daga Legas zuwa tsakiyar ƙasar.

Babban dalili shi ne kuɗin haƙa. Duk kamfanin da zai binne faiba a gefen titi sai ya biya gwamnatin jiha kuɗin izinin wucewa. Tun 2013 aka amince a matakin ƙasa cewa naira 145 ne kowace mita, amma jihohi da dama suka yi kunnen uwar shegu, wasu na karɓar dubbai. A 2020, lokacin da kullen korona ya tilasta wa kowa aiki daga gida, kuma ministan sadarwa Isa Ali Pantami yana matsa wa gwamnoni lamba, gwamnatin Nasir El-Rufai ta yafe kuɗin baki ɗaya a Kaduna. Mataki ne mai kyau, ban ga abin kushe a cikinsa ba. Sai dai binne waya abu ɗaya ne, barin ta a binne wani abu ne daban. A daidai waɗannan shekarun ne garin ya zama filin aiki: shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, aka sake gina gadar Kawo, aka haƙa magudanai ko'ina. A duk faɗin Najeriya, aikin titi na cikin manyan abubuwan da ke tsinka faiba, domin direban katafila ba ya riƙe da taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa ma babu taswirar. Ga kuma ɓarayi da ke tone waya suna zaton jan ƙarfe ne, su tarar da gilashin da ba ya sayuwa ko sisi, su watsar, unguwa guda ta kwana ba sabis. A 2024 gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Doka dai ba ta riƙe hannun mai katafila; abin da ke riƙe shi shi ne a gina bututun wayoyi tare da titin tun farko, a kuma sanar da kamfanoni kafin a fara tono.

Amma darasi mafi ɗaci ba daga teku ya zo ba, ba kuma daga katafila ba. Ranar 30 ga Satumba, 2021, aka rufe layukan sadarwa a sassan jihar Kaduna, bisa buƙatar gwamnatin jiha, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Zamfara ta riga ta yi haka a farkon watan. Kwamishinan tsaron cikin gida na lokacin, Samuel Aruwan, shi ya sanar da matakin, tare da hana hawa babura. An ce yankunan da ke fama da rashin tsaro aka nufa, amma turken sadarwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Da aka kashe turakun da ke kewaye, mazauna gefen birni da dama suka wayi gari wayoyinsu sun zama tocila da agogo. Mutane suka riƙa shigowa cikin gari don kawai su buga waya ko su ga ko kuɗi ya shigo. Sai ranar 26 ga Nuwamba aka sanar da buɗe layukan, kusan wata biyu ke nan.

Ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro, wannan muhawara ce ta wani littafin. Abin da ya shafe mu shi ne abin da ya koya wa masu kasuwanci. Kafin lokacin, dabarar kowa ita ce sim biyu ko uku: in MTN ya yi rauni a koma Airtel, in shi ma ya ƙi a gwada Glo. Ranar da umarni ya fito daga sama, sai ta bayyana cewa sim uku hanya ɗaya ce. Ko ba umarni ma, yawancin turakun ba na kamfanonin waya ba ne yanzu; sun sayar wa kamfanoni irin su IHS, kuma sau da yawa turke ɗaya ne ke ɗauke da eriyar kamfani biyu ko uku, da janareta ɗaya. Wanda yake ganin ya raba ƙafa, ashe duk a wuri ɗaya ya ajiye su. Injiniyan kirki, idan zai haɗa wa ofis layi biyu, ba sunan kamfanonin yake tambaya ba. Yana tambayar ta wane titi wayar kowanne ta biyo, kuma ko a rami ɗaya suke kwance.

Shi ya sa da Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya samu kasuwa da wuri. Faifan nasa yana magana ne da taurarin ɗan'adam da ke shawagi ƙasa-ƙasa, kimanin kilomita 550 daga doron ƙasa, ba kamar na gidajen kafe na da ba, waɗanda ke nesa da kusan kilomita 36,000, har saƙo ya gaji a hanya. Cikin shekara biyu alƙaluman NCC suka nuna ya zama na biyu a yawan masu amfani cikin kamfanonin da sana'arsu sayar da intanet zalla ce. Yanzu ana ganin fararen faifan nan a rufin otal-otal da makarantu da ofisoshin ƙungiyoyi a Malali da Unguwar Sarki. Yana da nasa aibin: kuɗin na'urar da na wata-wata suna bin dala, ruwan sama mai ƙarfi irin na Agustan Kaduna yana rage masa kuzari, kuma shi ma da lasisin NCC yake aiki, kada wani ya ɗauka ya fi ƙarfin umarnin gwamnati. Amma katafila ba ta isa ta taɓa shi ba, wannan kaɗai ya sa ya cancanci zama hanya ta biyu.

A farkon shekarar ta 2023 ne kuma canjin kuɗi ya zo. Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya janye tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, sababbin kuma ba su wadata ba. Kaduna na cikin jihohi uku na farko, tare da Kogi da Zamfara, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Kafin hukuncin ya fito, aikin gama ya gama. Mai shayi da mai nama da mai kayan miya, waɗanda a da ko sunan tiransifa ba sa son ji, sun buɗe asusu dole. Na'urorin bankuna da yawa suka kasa ɗaukar lodin, mutane suka yi ƙaura zuwa OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda saƙonsu ke isa nan take. Kuɗin takarda ya dawo, amma al'adar ba ta koma ba. Ita ma gwamnatin jiha ta daɗe da tura mutane wannan hanya: tun 2016 dokar haraji ta Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga hannu da hannu, sai ta banki, kuma harkar filaye ta koma kan kwamfuta a hukumar KADGIS. Ma'ana, yau katsewar sabis na awa uku ba rashin hira ba ne a WhatsApp. Rufe shago ne ba tare da an sa kwaɗo ba.

To me ake yi a cikin ofisoshin? Bankuna da manyan kamfanoni suna sayen tsarin da ake kira SD-WAN. Na'ura ce da ake jona wa layuka biyu ko uku, misali faiba da 4G da tauraron ɗan'adam, tana auna lafiyar kowanne a kowane lokaci. Ta tura aikin kuɗi ta layin da ya fi nagarta, ta bar kallon bidiyo ya bi mai arha, idan ɗaya ya mutu ta juya kafin ma'aikaci ya lura, kuma daga hedikwata a Legas mutum ɗaya yana iya saita rassa ɗari. Matsakaitan wurare, irin kantin magani mai rassa uku ko makarantar kuɗi, ba su da ƙarfin sayen kayan Cisco ko Fortinet. Su ƙaramar rautar MikroTik suke saye, kayan ƙasar Latbiya, wani matashi ya saita musu ita ta yi kusan aikin, ba ado. Mai POS da ya jera na'ura uku na kamfanoni daban-daban a kan teburinsa shi ma abin da yake yi ke nan, sai dai shi da hannu yake juyawa.

Wi-Fi kuwa, a nan ne na fi ganin ana zubar da kuɗi a banza. Mai otal zai sayi layi mai tsada, ya kawo rauta ɗaya ya ajiye a wajen karɓar baƙi, sannan ya yi ta faɗa da kamfani cewa sabis ba ya kai hawa na biyu. Laifin ba na kamfani ba ne. Gine-ginenmu na bulo ne da dakin mai rodi, kuma igiyar rediyo ba ta son siminti. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango, amma ya cika maƙil, kowane maƙwabci a kansa yake. Zangon 5 GHz ya fi gudu da sarari, amma bango biyu sun ishe shi. Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, ƙwarewarsa ita ce ɗaukar wayoyi da yawa a lokaci ɗaya, ba fasa bango ba. Maganin shi ne a ja waya zuwa kowane hawa da kowane lungu, a kafa ƙananan na'urorin watsawa, wayar da ta kawo musu intanet ita ce kuma za ta kawo musu wuta. Da tsohuwar zuma ake magani. Duba cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015: ɗaruruwan kwamfutoci a zaure ɗaya, kowace da wayarta zuwa babbar kwamfutar da ake kira saba. Inda kuskure ke nufin shekarar yaro ta tafi, ba a dogara da iska.

Sai kuma kalmar sirri guda ɗaya da kowa ya sani, daga manaja har mai gadi har abokin ɗan mai gadi. A kan wannan layin ne kwamfutar akanta take, da kyamarorin tsaro, da bayanan marasa lafiya idan asibiti ne. Raba layin baƙi da na aiki ba ya cin ko kwabo, saiti ne na 'yan mintoci a rautar da aka riga aka saya. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukuma mai ikon cin tara, kuma asibiti ko makarantar da ta bar bayanan mutane a buɗe tana cikin waɗanda dokar ta shafa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Game da 5G ba sai an tsawaita ba. An yi gwanjon zangon a Disambar 2021, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, MTN ya fara a 2022 da birane bakwai. Kano da Maiduguri da Abuja suna ciki, Kaduna ba ta ciki. Airtel ya shigo a 2023. Amfaninsa na zahiri ga ofis shi ne rautar da za a ajiye kusa da taga ta ba da gudu mai kama da na faiba ba tare da an haƙa rami ba, in dai turken yana kusa. Sauran alkawuran, motoci masu tuƙa kansu da tiyata daga nesa, a bar su a allon talla tukuna.

Duk wannan kuma a kan wuta yake tsaye. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe sama da mako guda cikin duhu. Babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa tashar Mando, nan cikin Kaduna, an riga an lalata shi, rashin tsaro ya hana gyara. Da layin da ke taimakawa ta Binuwai ya faɗi, sai komai ya tsaya. Turakun sadarwa suka koma kan dizal dare da rana, masu cajin waya suka ci kasuwa. Ba mamaki yanzu duk wanda zai haɗa wa ofis intanet da sola da inbata da batirin litiyam yake fara lissafi. Abin daɗin shi ne kayan sadarwa ba su da ci: rauta da na'urorin Wi-Fi da kyamarori na ƙaramin ofis ba su kai cin dutsen guga ɗaya ba. Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa su layi ɗaya da firiji da na'urar sanyaya ɗaki, batir ya ƙare kafin la'asar.

Tambayar da ta fi raba kan masu harkar ita ce inda za a ajiye bayanai. Ka ajiye saba a ofis, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona kaya, ga ɓarawo. Ka mayar da komai rumbun intanet na Google ko Microsoft, ranar da sabis ya ɗauke ko rasit ba za ka iya bugawa ba, kuma da dala ake biya. Wanda ya yi rajista dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a Yunin 2023, ya ga ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, ba tare da an ƙara masa komai a manhajar ba. Gaba kura, baya sayaki. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ni dai ina tare da masu raba biyu: manhajar ciniki ta zauna a kwamfutar shago tana aiki ko ba intanet, da sabis ya dawo ta tura kwafi sama. Duk mai sayar da manhajar da ba ta iya wannan ba, a Legas ya rubuta ta, kuma bai taɓa zama a Rigasa ba.

Akwai wani rauni da ba a sayen maganinsa a kanti. Kaduna tana yaye matasa masu wannan ilimi, daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mafi ƙwazonsu ba sa daɗewa. Abuja tafiyar awa biyu da ɗoriya ce a jirgin ƙasa daga Rigasa, wasu ma ba sa tafiya ko'ina, daga ɗakinsu suke yi wa kamfanonin waje aiki ana biyansu da dala, ta kan layin da suka haɗa da hannunsu. Ba laifinsu ba ne. Mai gida da ya kashe miliyoyi a kayan aiki shi ne zai tsaya cinikin dubu ashirin da wanda zai kula da su. Ranar da yaron ya tafi, ya tafi da komai a kansa: kalmar sirrin rauta, wace waya ce ta tafi wane ɗaki, da sunan wa aka yi rajistar Starlink, a wane imel kwafin bayanai yake sauka. Wanda ya gaje shi sai ya danna maɓallin goge saiti ya faro daga farko, a sake biyan kuɗin aikin da aka riga aka biya. A bankuna, kafin a sallami ɗan kwangila sai ya miƙa zanen layukan da jerin kalmomin sirri a rubuce, a kulle su a sef, kuma a canza su duk ranar da ma'aikacin da ya san su ya ajiye aiki.